Grace Hopper: Matar da ta sa kwamfutoci zana jarrabawa iri ɗaya

In kana koyon rubuta manhaja, ka san wannan takaicin: aikinka na tafiya lafiya lau a kwamfutarka mai Windows, ka tura wa abokinka mai Linux, abu ya ƙi tashi. To, wannan ciwon kai ya girmi babanka, kuma Grace Hopper na cikin waɗanda suka fara nema masa magani.

A New York aka haife ta a 1906. Ta samu digirin digirgir a lissafi a Jami'ar Yale a 1934, tana koyarwa har Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A 1943 ta shiga sojan ruwan Amurka, aka tura ta Harvard ta yi aiki da kwamfutar Mark I.

A zamanin nan kowace na'ura da yarenta. Ka sauya kamfani, sai a sake rubuta komai daga farko, kuɗi su bi ruwa. Hopper ta dage cewa a riƙa rubuta umarni da kalmomi irin na Turanci, wata manhaja ta fassara wa na'ura. Yaren da ta jagoranta, FLOW-MATIC, shi aka fi jingina da shi wajen gina COBOL a 1959. A Disambar 1960 aka tafiyar da shiri guda a UNIVAC II da RCA 501, na'urorin kamfanoni biyu daban.

Amma fa ka san 'yan kasuwa. Kowane kamfani ya ƙara wa COBOL ɗinsa gishiri, ya ce nasa ne daidai. Hopper ta yi ritaya a 1966, sojan ruwa suka dawo da ita a 1967, wai aikin wata shida. Ita da mutanenta suka haɗa tarin shirye-shiryen gwaji: a ba mafassarin kowane kamfani tambayoyi iri ɗaya, a kwatanta amsarsa da abin da ƙa'ida ta ce. Wanda ya kauce, asirinsa ya tonu. A ganina wannan ya fi labarin ƙwaron da aka tsinta a cikin Mark II, wanda kowa ya fi sani. Gwajin da kake sa wa ya gudana a Windows da macOS da Linux kafin ka saki manhaja, dabarar ke nan.

Wata shidan nan? Sai 1986 ta ajiye kaki gaba ɗaya, tana da shekara 79. Ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.