Booker T. Washington: Bawan Da Ya Zama Uban Malamai

A ƙasarmu in za a ba da labarin babban mutum, akan fara da ubansa da kakansa. To, ga wani wanda bai taɓa sanin ubansa ba, har sunan zuriyarsa ma shi ya zaɓa da bakinsa.

An haifi Booker a shekarar 1856 a wata 'yar gona ta taba a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Uwarsa Jane baiwa ce, ita ke dafa wa maigidan abinci. Ubansa kuwa wani farar fata ne, bai taɓa waiwayarsa ba. Shi da wansa John da ƙanwarsa Amanda a ƙasa suke kwana bisa tsummoki. Da maigidan ya mutu a 1861 aka lissafa dukiyarsa, aka rubuta yaron a ciki, aka yi masa kuɗi dala 400.

A 1865 aka 'yanta bayi. Jane ta kwashi 'ya'yanta zuwa garin Malden, inda mijinta ke aikin gishiri. Nan Booker ya shiga aiki tun da asuba. Abin da ya fara iya karantawa shi ne lamba 18, wadda ake rubutawa a jikin gangunan mijin uwarsa. Uwar ba ta iya karatu ba, amma ta yi ƙoƙari ta samo masa littafin koyon baƙi. Ran da ya shiga makaranta ya ji kowane yaro yana da suna biyu, shi kuwa ɗaya. Da malami ya zo kansa, sai ya ƙara Washington, sunan ya bi shi ke nan.

A 1872 ya ƙudura zuwa makarantar Hampton, tafiyar wajen mil 500. Ya kama hanya, wani wuri a keken doki, wani wuri a ƙasa, har guzurinsa ya ƙare ya kwana a titi. Da ya isa, babbar malama ta dube shi duk datti, ta ba shi tsintsiya ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Ta nemi ƙura ta rasa, sai ta karɓe shi. Da aikin sharan nan ya biya kuɗin abincinsa har ya gama a 1875.

A 1881 aka aike shi Tuskegee, cikin jihar Alabama, ya buɗe makarantar horon malamai ta baƙar fata. Gwamnati ta ba da dala 2,000 don albashi, amma ba fili, ba gini. Ya fara da almajirai 30 a wata tsohuwar bukka mai yoyo. Ya ce su za su gina makarantarsu da hannunsu. Sau uku gashin tubali yana lalacewa, har ya jinginar da agogonsa aka sake gwadawa, sa'an nan aka dace.

Gidansa ya sha rashi. Matarsa ta fari, Fannie, ta rasu a 1884 ta bar 'ya ɗaya, Portia. Ta biyu, Olivia, wadda ta sha wahalar nemo wa makarantar kuɗi, ta rasu a 1889 ta bar maza biyu. Ta uku, Margaret, ita ta ƙarasa renonsu.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Wani masani baƙar fata, Du Bois, ya zarge shi da fifita sana'ar hannu da lallashin fararen fata, alhali ana hana mutanensa ƙuri'a. Har yanzu masana suna gardama a kan wannan.

Ya rasu a 1915, aka binne shi a makarantar, wadda yau ta zama jami'a. 'Yan'uwa, gobe za a tura waninmu ƙauyen da ba benci, ba allo. In ya ga yaro cikin tsumma a bakin ƙofa, kada ya fara tambayar ɗan wane ne.