TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU MUHAMMADU AL-MAGILI, BAƘON MASANIN SHARI'A A ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

A wannan ɗan bayani za a yi ƙoƙarin kawo tarihin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Al-Magili, ɗaya daga cikin malaman da suka yi karatun shari'a a wata ƙasa, sa'an nan suka zo ƙasar Hausa suka yi aiki da shi. Za a dubi abin da ya ba shi damar yin fatawa a ƙasashen da ba nasa ba, da kuma inda aka yi masa iyaka. Tambaya ce da har yanzu take gaban duk wanda ya karanto aikin lauya a waje ya dawo Nijeriya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Al-Magili wajen shekarar 1440 a yankin Tilmisan, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Shi Barbar ne, ɗan ƙabilar Magila, daga nan ne ya sami laƙabinsa. Ya yi karatu wajen Shehu Abdurrahman As-Sa'alibi na birnin Aljaza'ir, da kuma Yahaya ɗan Yadir, wanda ya yi alƙalanci a Tuwat. Ya ƙware a fiƙihun Malikiyya, da tafsiri, da hadisi, da manɗiƙi. A kan halaccin karanta manɗiƙi ne ma suka yi musayar baitoci da Jalaluddini As-Suyuɗi na Misira, shi yana halattawa, Suyuɗi yana hanawa.

A wancan zamani babu wata hukuma da take ba da takardar shaidar gama karatu. Abin da ake da shi shi ne ijaza, wato izinin da malami yake bai wa almajirinsa na ya karantar da littafi kaza, tare da jerin sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu har zuwa ga mawallafinsa. Da yake harshen karatu ɗaya ne, wato Larabci, mazhaba kuma ɗaya ce tun daga Fas har Katsina, ijazar da aka bayar a Tilmisan tana da daraja a Kano.

Rikicin Tuwat

Al-Magili ya zauna a Tamantit, babban garin Tuwat, wanda zango ne na ayarin da ke ratsa Sahara. Ya iske Yahudawa 'yan kasuwa masu ƙarfi a garin, suna da wurin ibadarsu. Sai ya yi fatawa cewa sun warware sharuɗɗan amanar da ke tsakaninsu da Musulmi, don haka a rushe wurin ibadar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda da wannan ba. Aka rubuta wa malaman Fas da Tilmisan da Tunis ana neman ra'ayinsu, su ma suka rarrabu. At-Tanasi da As-Sanusi na Tilmisan suka goyi bayan Al-Magili, wasu kuma suka tsaya tare da alƙali. Daga ƙarshe, wajen 1492, mutanensa suka rushe wurin, aka kashe Yahudawa da dama, sauran suka watse. Wannan shi ne al'amari mafi nauyi a tarihinsa, kuma ya nuna irin abin da kan faru idan mai fatawa ya tsallake hukuncin alƙalin gari ya zartar da nasa da ƙarfin jama'a.

Zuwansa Ƙasar Hausa

Daga Tuwat sai ya yiwo kudu, ya sauka Takadda da ƙasar Azbin, ya karantar, kana ya ƙaraso Kano da Katsina. A Kano ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu, ya riƙa yi masa tambayoyi a kan sha'anin mulki da hukunci.

Abubuwa biyu ya rubuta wa Rumfa. Na farko shi ne littafin Tajuddini, mai babi takwas, wanda ya tsara abin da ya wajaba a kan sarki: kyautata niyya, da tsara fada da ma'aikata, da binciken al'amuran ƙasa, da adalci wajen hukunci, da tara dukiyar baitulmali ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace. A cikinsa ya yi ta nanata gargaɗi kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, ya kuma nemi ya riƙa zama a inda mai rauni zai iya kawo ƙara da kansa. Wani Bature, T. H. Baldwin, ya fassara littafin zuwa Turanci a 1932. Na biyu wasiƙa ce ta shekarar 897 Hijira, wato wajen 1492, a kan irin horon da sarki zai iya yi don hana mutane aikata haram.

Ya kamata a lura cewa aikinsa a Kano fatawa ne da shawara da karantarwa. Zartarwa tana hannun sarki da alƙalan da ya naɗa. Ijaza ta isa ta sa a saurari baƙo, amma shimfiɗar alƙalanci sai mai ƙasa ya bayar. Misalin wannan shi ne almajirinsa, Muhammadu ɗan Ahmadu At-Tazakti, wanda Katsinawa suke kira Ɗantakum. Ya yi karatu wajen Al-Magili a Takadda, ya tafi Misira da Makka ya karɓo ijazozi, ya dawo ya zauna Katsina, sarki ya naɗa shi alƙali, ya rasu can wajen 1530. Zuriyar Al-Magili kuwa ta wanzu a Kano, a unguwar Sharifai, inda sarautar Sidi Fari take.

A Fadar Askiya

Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo, babban birnin daular Songhai, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulki a 1493. Askiya ya gabatar masa da tambayoyi bakwai. Ta farkonsu ta shafi batunmu kai tsaye, domin Askiya ya koka ne a kan wasu masu da'awar malanta a ƙasarsa waɗanda ba su fahimtar Larabci sosai, ga shi kuwa suna fatawa suna yanke hukunci. Al-Magili ya amsa da cewa da ilimi da tsoron Allah ake gane malamin ƙwarai, kuma wajibi ne sarki ya hana wanda bai cancanta ba yin fatawa da hukunci. Ashe ke nan shi kansa ya ɗora tantance masana shari'a a wuyan hukumar ƙasa.

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke zaune a Gawo, aka kuwa kama su. Sai Malam Mahmudu ɗan Umaru, babban malamin Tambutu kuma alƙalinta, ya ƙi amincewa, domin ba su da hannu a kisan. Aka sake su. A nan malamin gida ne ya taka wa baƙo burki, kuma gaskiya tana tare da shi. Al-Magili ya koma Tuwat, ya rasu can a 909 Hijira, wato wajen 1504.

Tasirinsa

Bayan shekara ɗari uku, malaman jihadi suka ɗauko rubuce-rubucensa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshin Askiya a cikin Sirajul Ikhwani, ya kuma kawo wasiƙar Rumfa a cikin Tanbihul Ikhwani, duka wajen 1811, lokacin zamansa a Sifawa. Abdullahin Gwandu ma ya yi amfani da su a Liya'us Sulɗani. Har yau kuwa, wanda ya kai ƙarar gado ko ta aure kotun shari'a a ƙasar Tambuwal, ko Kebbe da Fakku, da fiƙihun Malikiyya za a yi masa hukunci, kuma manyan littattafansa duk baƙi ne: Risala daga Ƙairawan, Muhtasar daga Misira, Tuhfa daga Andalus.

Kammalawa

Zamanin Turawa, wanda aka rantsar lauya a Ingila yana iya zuwa Nijeriya ya sa sunansa a rajista ya fara aiki, ko da bai taɓa karanta dokar ƙasar ba. Bayan rahoton kwamitin Unsworth na 1959 aka yi dokar 1962, aka buɗe Makarantar Horas da Lauyoyi a Legas a 1963, wadda yanzu take da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Wanda ya karanto shari'a a waje sai ya fara yin zangon farko, ya koyi tsarin mulki da dokokin Nijeriya, sa'an nan ya shiga zango na biyu tare da ɗaliban gida, a rantsar da shi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Dalilin bambancin a fili yake. A zamanin Al-Magili shari'ar ɗaya ce a duk inda ya sauka, yau kuwa kowace ƙasa da dokarta. Abin da bai sauya ba shi ne, izinin aiki da ilimin yana hannun masu ƙasa, kuma suna da ikon su ce wa baƙo ya dakata, kamar yadda malamin Tambutu ya yi. Allah ya jiƙan malamanmu, amin.