Walter Shewhart, injiniyan da ya nuna wa masana'antu lokacin tsayar da inji

Ranar 16 ga watan Mayun 1924, wani injiniya a kamfanin Western Electric na Amurka ya miƙa wa shugabansa wata gajeruwar takarda mai ɗauke da ɗan zane. Sunansa Walter Shewhart. An haife shi a 1891 a garin New Canton na jihar Illinois, ya kuma yi digiri na uku a fannin fiziks a Jami'ar Kalifoniya a 1917.

Kamfanin yana ƙera kayan tarho ne, kuma abin da aka saba shi ne a bincika kaya bayan an gama, a ware marasa kyau. Shewhart ya lura cewa babu injin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida. Wani bambancin na yau da kullum ne, wani kuwa alama ce ta matsala, kamar ƙarfe ya ci ko an kawo ɗanyen kaya mara kyau. Zanensa layi uku ne: na tsakiya shi ne matsakaicin awo, na sama da na ƙasa iyakoki. Ana ɗiban samfuri lokaci-lokaci a auna. Muddin awon yana tsakanin iyakokin, a bar inji ya yi aikinsa.

Wurin da za a ja iyakokin shi ne ainihin lamarin, kuma maganar kuɗi ce. In an matse su, za a riƙa tsayar da aiki ana neman matsalar da babu ita, ma'aikaci ya yi ta murɗa inji har ya ɓata abin da yake daidai. In an buɗe su da yawa, kaya marasa kyau su kai hannun mai saye. Iyakar da ya zaɓa, wadda ake kira sigma uku, takan yi gargaɗin ƙarya kimanin sau ɗaya cikin 370. Ba banza ba kalmar tattali ce farko a sunan littafinsa na 1931.

A 1956, shekarar da ya yi ritaya daga Bell Labs, Acheson Duncan ya fitar da lissafin da ke tsayar da yawan samfuri, tazarar awo da faɗin iyaka gwargwadon kuɗin da kowanne zai ci. Sunan da duniya ta fi sani dai shi ne na W. Edwards Deming, wanda ya koyar da dabarar a Japan a 1950. Shewhart ya mutu ranar 11 ga Maris 1967 a jihar New Jersey.