Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Jama'ar Urafan da 'yan uwanmu da ke ci-rani, da yawa cikinmu sun san sunan Abdu Mumuni ne kawai saboda jami'ar Yamai. To, a Tasawa aka haife shi, ran 26 ga watan Yuni 1929.

Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan sai Faris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman fizik ta Faransa, abin da babu wanda ya riga shi a Afirka ta Yamma renon Faransa. Ya koyar a Dakar da Konakiri, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan hasken rana.

Me ya haɗa wannan da mu? Rijiya. A ce guga mai lita 20 ne, kilo 20 ke nan, rijiyar kuma mita 30. A fizik, aiki shi ne nauyi sau nisan da aka ɗaga shi. Ana ninka kilo da 10 saboda jan ƙasa: 20 sau 10 sau 30, jul 6,000. In yarinya ta jawo gugan cikin minti ɗaya, a raba da daƙiƙa 60, ya ba da wat 100. Wannan shi ne ƙarfi. Wace yarinya ce za ta jure haka tun safe har azahar? Rana kuwa, da tsakar rana, tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, ba ta gajiya. Fanon sola na yau yana kama kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma shi ne adadin wat da kuke gani a rubuce bayansa.

Wannan lissafin marigayi ya rungume. Bayan ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya riƙe ma'aikatar ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin zafafa ruwa da murhun girki masu amfani da rana. Mu dai a ganinmu ya riga zamaninsa, don a lokacin kayan na da tsada, ƙauye bai ci moriyarsu sosai ba.

A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, ya kare koyarwa da harsunanmu. Ya zama shugaban jami'ar Yamai a 1979. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah ya jiƙan shi.