Baba ta Karo (1877–1951): Rayuwarta da Darasin Zumunci

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana auna kwanciyar hankalin ɗan Adam da ma'aunin da aka samar a Turai da Amurka, inda ake kallon mutum shi kaɗai, ba tare da danginsa ba. Daga shekarun 1970 wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam, irin su Virgilio Enriquez na ƙasar Filifin, suka dage cewa kowace al'umma tana da kalmominta da hanyoyinta na fahimtar zuciyar mutum, kuma daga nan ya kamata bincike ya faro. Tun kafin wannan yunƙuri, wata tsohuwa Bahaushiya ta bayyana yadda dangantaka take riƙe mutum a ƙasar Hausa. Wannan tsohuwa ita ce Baba ta Karo.

2.0 Asalinta da Tasowarta

An haifi Baba a wajejen shekarar 1877 a ƙauyen Karo, kusa da Zarewa, a yankin da ƙasar Kano ta haɗu da ta Zazzau. Kakanninta Barebari ne da suka zama Hausawa. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malami. Ta taso a babban gida, inda ake noma gandu tare, ana kuma da rinji na bayi. Zamanin ƙuruciyarta zamani ne na hare-hare da satar mutane. Idan aka kama wani, danginsa ne suke haɗa dukiya su fanso shi. Saboda haka tun tana yarinya ta ga cewa wanda ba shi da dangi ba shi da mafaka. A idonta Turawa suka ci Kano a 1903, bauta kuma ta fara gushewa.

3.0 Aure da Riƙo

Baba ta yi aure sau huɗu. Na farko auren zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, wanda ta amince da shi domin biyayya ga mahaifinta, alhali zuciyarta tana ga Malam Maigari. Auren bai ɗore ba. Daga baya ta auri Malam Maigari, suka zauna shekaru masu yawa kafin su rabu. Sai Malam Hasan, wanda suka zauna da shi a Giwa har ya rasu. Na ƙarshe shi ne Ibrahim, aure ne irin wanda mace take zaune a gidanta, miji yana zuwa.

Allah bai ba ta haihuwa ba, abin da yake da nauyi ƙwarai ga mace a al'ummar Hausawa. Duk da haka ba ta tsufa cikin kaɗaici ba. Ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar da su, ta kuma yi aikin ungozoma. Ta haka ta zama uwa da kaka a gidaje da dama.

4.0 Yadda Labarinta ya Shiga Littafi

A 1949 wani masanin al'adu ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau. Da yake kulle ya hana shi shiga wurin mata, sai matarsa Mary Smith ta ɗauki wannan ɓangare. Tsakanin watan Nuwamba na 1949 da Janairu na 1950 Baba ta riƙa ba ta labarinta da Hausa a Giwa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. An buga fassararsa ta Ingilishi, mai suna Baba of Karo, a Landan a 1954, aka sake buga shi a Amurka a 1981.

5.0 Abin da Rayuwarta take Koyarwa

Muhimmancin labarin Baba shi ne, ta yi bayanin dangantaka da kalmomin Bahaushe. Ta bayyana ƙawance, wanda mata biyu suke ƙullawa, suna yi wa juna gudummawa a lokacin biki. Ta bayyana yadda babbar mace take ɗaukar ƙarama a matsayin ƙanwa, ko da ba su haɗa jini ba. Ta nuna wasan da yake tsakanin taubasai da tsakanin jika da kaka, da kuma kunyar da take tsakanin iyaye da ɗan fari, da tsakanin surukai. Idan aka lura, tsari ne mai daidaito: yaron da mahaifiyarsa take jin kunyar ambaton sunansa yakan sami sakewa a wurin kakarsa.

Sai dai Baba ba ta nuna zumunci a matsayin abu mai daɗi kawai ba. Zumuncin da ya ba ta 'ya'yan riƙo shi ne ya ɗaura mata auren da ba ta so. Haka nan labarinta ya ƙunshi kishi da sakin aure da ƙuncin bayi. Wato dangantaka tana tallafar mutum, tana kuma iya danne shi.

6.0 Kammalawa

Malamin gobe zai tarar da yara irin waɗanda Baba ta riƙa: ɗan riƙo, da ɗan fari mai sunkuyar da kai, da yarinyar da dangi suka riga suka yanke shawarar aurenta. Wanda bai san wannan tsari ba zai iya ɗaukar kunya a matsayin daƙiƙanci, ko ya kira mahaifi alhali gwaggo ce take da ta cewa a kan yaron. Kafin malami ya yanke hukunci a kan halin ɗalibi, ya dace ya san wane ne yake riƙe da shi.

Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren dangantaka guda huɗu da Baba ta bayyana, tare da amfanin kowace.
2. Tattauna da wata tsohuwa a unguwarku game da riƙo, sannan ka kwatanta bayaninta da rayuwar Baba.