Georges Koudoukou, Mai Sunan Titi

Mu da muke bin Titin Koudoukou a unguwar Kilomita Biyar ta Bangi, kaɗan ne cikinmu suka san mai sunan. An haife shi a Fort-Crampel, wato Kaga-Bandoro ta yanzu, a 1894. Ya shiga sojan Faransa a 1916. Shekara guda kafin wannan, masu garin koko na Banania suka soma sa hoton baƙin soja a tallarsu, da jar dara a ka, yana ta washe baki kamar yaro. Da wannan ido Faransawa da yawa suka dubi irin su Koudoukou.

Shi kuwa, da Faransa ta faɗa hannun Jamus a 1940, sai ya bi Janar de Gol. Ya yi yaƙi a Sham a 1941, a ƙarshen shekarar aka ba shi hafsa. Shi ne ɗan Ubangi-Shari na fari da ya sami wannan, amma sai bayan shekara 25 cikin kaki! A Bir Hakim, cikin hamadar Libiya, ya ji mummunan rauni ran 10 ga Yuni 1942, sa'ad da suke keta sojojin Rommel da suka kewaye su. Ya rasu a asibiti a Iskandariya ran 15 ga watan.