Nehemiya: Hadimin fada da ya ƙi karɓar abincin gwamna

Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, a birnin Shushan da ke cikin ƙasar Iran ta yau, akwai wani Bayahude mai suna Nehemiya ɗan Hakaliya da ke hidima a fadar Sarkin Farisa. Aikinsa shi ne miƙa wa Sarki Artashate na Ɗaya ƙoƙon sha. A ido aikin ƙarami ne, amma ba kowa ake ba shi ba. Mahaifin Artashate kansa na jikinsa ne suka kashe shi a shekara ta 465, don haka wanda aka yarda ya riƙe abin da sarki zai sha, an danƙa masa ran sarki ne. Nehemiya ɗan zuriyar waɗanda aka kwaso daga ƙasarsu ne, amma shi ya samu wannan yarda.

Asalin zaman danginsa a baƙuwar ƙasa ya koma shekara ta 586, lokacin da Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, ya kwashe mutanen Yahuza. Bayan Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba su izinin komawa. Wasu sun koma, har sun sake gina Haikali wajen shekara ta 516. Ganuwar birnin kuwa tana kwance, ƙofofinta a ƙone. A wancan zamani, birni marar ganuwa abin raini ne ga maƙwabta.

Wannan labari ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa a watan Kisle. Littafin da ke ɗauke da sunansa a Tsohon Alkawari ya nuna cewa Nehemiya ya zauna ya yi kuka, ya yi kwanaki yana azumi da addu'a. A addu'ar bai ɗora laifi kan magabata kaɗai ba, ya sa kansa da gidan mahaifinsa cikin masu zunubin. Sai da aka yi kusan wata huɗu, aka shiga watan Nisan, sannan ya samu damar magana.

Ranar da sarki ya lura da damuwa a fuskarsa ya tambaye shi dalili, Nehemiya ya tsorata ƙwarai, domin ɓacin fuska a gaban sarki na iya zama laifi. Ya yi gajeriyar addu'a a zuci, ya faɗi buƙatarsa, sarauniya na zaune a gefe. A nan aka ga cewa watannin jira ba a banza suka tafi ba. Da aka tambaye shi tsawon tafiyar, yana da wa'adi a shirye. Ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin Hayin Kogin Yufiretis domin su bar shi ya wuce, da wata zuwa ga Asaf mai kula da dajin sarki domin katakon ƙofofi. Sarki ya amince, ya haɗa shi da hafsoshi da mahayan dawakai.

Ganuwa cikin kwana 52

Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku bai faɗa wa kowa abin da ya kawo shi ba. Da dare ya fita da mutane kaɗan ta Ƙofar Kwari, ya bi ta Ƙofar Juji zuwa Ƙofar Maɓuɓɓuga, har ya kai inda ɓaraguzai suka hana dabbar da yake kai wucewa. Sai da ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya tara shugabanni.

Ya raba aikin kashi-kashi, da yawa kowa ya gyara sashen da ke daura da gidansa. Sura ta 3 ta littafin jerin sunaye ce: Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa a Ƙofar Tumaki, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, da wani hakimi mai suna Shallum da ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. An kuma rubuta cewa manyan garin Tekowa sun ƙi sa hannu, ko da yake talakawansu sun gyara sashe biyu.

Aikin bai yi wa Sanballat na Samariya da Tobiya Ba'ammone da Geshem Balarabe daɗi ba. Sun fara da ba'a, suka koma shirin kai hari. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Rabin barorinsa na aiki, rabi na riƙe da māsu da garkuwa. Magina da takubba a ɗamara. Mai busa ƙaho na tsaye kusa da shi. Da barazana ta ƙi ci, suka aika masa goron gayyata zuwa filin Ono har sau huɗu, yana ba su amsa ɗaya, cewa aikin da ke gabansa bai bar shi ya sauko ba. A karo na biyar suka aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zarginsa da shirin tawaye da neman sarauta, zargin da ka iya kai hadimin sarki ga halaka. Suka kuma biya wani Shemaiya ya tsorata shi ya shiga cikin Haikali ya ɓuya, abin da bai halatta ga wanda ba firist ba, domin su samu abin ɓata masa suna. Duk bai faɗa tarkon ba. A ranar 25 ga watan Elul aka kammala ganuwar, cikin kwana 52.

Abin da doka ta ba shi, ya bari

Jarrabawar da ta fi ta maƙiya nauyi daga cikin gida ta taso. Ana tsakiyar aiki talakawa da matansu suka kawo kuka. Yunwa ta sa wasu sun jinginar da gonaki da gidaje domin hatsi, wasu sun ci bashi domin biyan harajin sarki, wasu har 'ya'yansu mata sun riga sun zama bayi. Masu cin wannan riba kuwa 'yan'uwansu ne, manyan gari da jami'ai, waɗanda Nehemiya ke buƙatar goyon bayansu domin a ƙarasa ginin.

Da ya so, da ya ɗage maganar sai bayan an gama aiki. Maimakon haka ya kira babban taro, ya tuhume su a bainar jama'a, ya kuma bayyana cewa shi da 'yan'uwansa da barorinsa ma sun ba da rancen kuɗi da hatsi. Ya nemi a mayar da gonaki da gidaje a ranar, a yafe ruwan bashin, ya sa suka yi rantsuwa a gaban firistoci.

Abin da ya ba shi bakin yin wannan magana shi ne yadda ya riƙe muƙaminsa. Shekara 12 ya yi yana gwamnan Yahuza, daga shekara ta 20 zuwa ta 32 ta mulkin Artashate, bai taɓa karɓar abincin da aka keɓe wa gwamna ba. Gwamnonin da suka gabace shi sun karɓi abinci da ruwan inabi da shekel 40 na azurfa daga talakawa, yaransu ma sun yi ta yi wa jama'a mulkin mallaka. Shi bai sayi ko fili ba, a lokacin da yunwa ta karya farashin gonaki. Ga shi mutum 150 ke ci a teburinsa, ban da baƙi daga ƙasashen kewaye, kullum ana yanka sa ɗaya da tumaki shida da kaji, duk a kansa. Dalili biyu ya bayar: tsoron Allah, da nauyin da ya riga ya yi wa jama'a yawa.

Nan ne darasin aminci da Kiristoci ke ɗauka daga rayuwarsa ya fi fitowa fili. Abin da Nehemiya ya bari haƙƙinsa ne, babu mai binciken da zai tuhume shi da ya karɓa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai iko ya san cewa mafi yawan abin da ke lalata ma'aikaci ta ƙofar da aka saba bi yake shigowa, da hujjar cewa haka na baya suka yi. Da ya zo naɗa mai tsaron birni ma, ya zaɓi Hananiya saboda amincinsa da tsoron Allahnsa da suka fi na mutane da yawa.

Sabuntawa, da komawa gidan jiya

Da ganuwa ta tsaya, sai aka juya ga zukata. A rana ta farko ta wata na bakwai jama'a suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa. Gwamna ya ja gefe ya bar wa Ezra malamin Attaura fagen. Ezra ya hau dakalin katako ya yi karatu tun asuba har tsakar rana, Lawiyawa na bi suna fassara ma'ana. Da mutane suka fahimci nisan da suka yi da umarnin Allah sai suka fashe da kuka. Nehemiya ya hana su, ya umarce su su ci su sha, su aika wa marasa shi, domin ranar ta murna ce. Aka yi Idin Bukkoki, a ranar 24 ga watan aka yi azumi da furta zunubi, sannan aka rubuta alkawari. Sunan Nehemiya ne farko cikin masu hatimi.

Da littafin ya ƙare a nan, da labarin ya fi daɗin ji. Amma bayan wa'adinsa Nehemiya ya koma wurin sarki, da ya sake neman izini ya dawo sai ya tarar da alkawarin ya warware. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tobiya, wanda ganuwa ta tsare a waje, Eliyashib firist ya ba shi ɗaki a harabar Haikali saboda dangantaka. An daina ba Lawiyawa rabonsu, sun watse zuwa gonakinsu. Mutanen Taya na sayar da kifi a Urushalima ranar Asabar.

Nehemiya ya watsar da kayan Tobiya waje, ya dawo da Lawiyawa, ya naɗa amintattun ma'aji, ya sa a rufe ƙofofin birni tun jajibirin Asabar. Kan batun auren baƙin mata ya yi zafi har ya doki wasu ya tuge musu gashi, littafin kuma bai ɓoye wannan ba. Mutum ne mai fushi, ba waliyyin da ba ya kuskure ba.

Wata takarda da Yahudawan tsibirin Elefantin na Masar suka rubuta a shekara ta 407 ta ambaci wani Bagohi a matsayin gwamnan Yahuza, ta kuma ambaci 'ya'yan Sanballat. Wato a lokacin zamanin Nehemiya ya shuɗe, gidan abokin hamayyarsa kuwa na nan da ƙarfinsa. Ganuwar ta ci kwana 52, amma gyaran jama'a bai ƙare a hannunsa ba, kuma masu wa'azi kan tsaya a nan su tuna wa masu bi cewa tuba ta rana ɗaya ba ta ɗaukar mutum har ƙarshen rai, sai an riƙa dawowa ana sharewa. Abu na ƙarshe da littafin ya nuna yana yi shi ne tsara yadda za a riƙa kawo itacen bagade da nunan fari a kan kari. Daga nan ya roƙi Allah ya tuna da shi da alheri.